Magani Ba Guntun Katako Ba Ne

Akwai wani kafinta da mutanen layinsu suka daɗe da manta sunansa na gaskiya, kowa Bakomai yake ce masa. Dalili kuwa, duk abin da ka roƙe shi amsar ɗaya ce. Ara mini guduma, ba komai. Na karya maka zarto, ba komai. Ko taka shi ka yi, kafin ka buɗe baki ka ba da haƙuri ya riga ka.

Shagonsa yana tsakanin na mai walda da na mai fenti, kuma yana da ƙa'ida ɗaya da ya tashi da ita tun yana koyon aiki: ba a zubar da ragowa. Guntayen katako suna jibge a ƙarƙashin teburin aikinsa. Ƙusar da ta lanƙwashe sai ya miƙe ta ya jefa a gwangwani. Yakan ce guntun da ya rage daga ƙofar wani, shi ne ƙafar kujerar wani. Duk mai bukata a layin ya san inda zai sunkuya ya ɗauka.

Da wannan hali ya yi suna. Da shi kuma ya kusa rasa hannunsa na dama.

Wata rana yana kwance wata tsohuwar ƙofa da aka kawo gyara, sai ƙusa mai tsatsa ta shige masa tafin hannu, daidai gindin ƙaramin yatsa. Ya zare ta, ya matse jinin, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Da matarsa ta gani a gida ta ce ya je a duba, ya ce ai shi da ƙusa sun saba, ba yau suka fara faɗa ba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba a jima ba tafin ya kumbura, ya yi ja, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Sai da ya kasa riƙe kofin shayi sannan ya yarda ta raka shi asibiti.

Likitar da suka samu mace ce mai yawan tambaya. Ta tambaye shi ko wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska, ko yana shan wani magani yanzu, ko yana da wani ciwo na dindindin. Aka wanke raunin, aka yi masa allurar da ake yi wa wanda ƙarfe mai tsatsa ya soka, sannan ta rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin kafson nan da ake kira antibayotik, na mako guda.

Ta ce ya sha a kan lokaci, kuma ya shanye duka ko da ya ji sauƙi tun kafin ya ƙare. In ya ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ya dakata ya garzayo nan take.

Bakomai ya gyaɗa kai ya ce, "Ba komai, likita."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Akwai komai, malam. Da hannun nan kake ci."

Da farko ya bi umarni tiryan-tiryan. Kafin mako ya raba, kumburin ya saɓe, zafin ya tafi, har ya koma yana buga ƙusa yana waƙa. Ya ajiye katin maganin a kan teburin aiki, kusa da gwangwanin ƙusoshi.

A nan mai walda ya gan shi. Ya shigo riƙe da kumatu, ido ya yi ja, ya ce haƙori ya hana shi sakat, har ƙarar injinsa yake ji a cikin muƙamuƙi. Ya ɗauki katin ya jujjuya.

"Bakomai, wannan ba shi ne ya sace maka kumburi ba? Ai ka warke. Sammini mana."

Bakomai ya dubi tafinsa. Fes. Ya dubi sauran ƙwayoyin da ke jere a kati. A idonsa na kafinta lissafin a fili yake: an gama ƙofa, guntu ya rage, ga kuma maƙwabci yana neman ƙafar kujera. Ya yaga rabin katin ya miƙa masa. Da rana mai fenti ya leƙo yana atishawa yana jan hanci, shi ma ya tafi da nasa rabon.

Da matarsa ta tambaye shi ina magani, ya ce ya ƙare. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi yadda aka yi ya ƙare ba.

Ku lura da wani abu a nan, jama'a. Bakomai ba mugu ba ne, ba kuma mai taurin kai ba ne. Kirki ne ya yi masa yawa har ya rufe masa ido. Ƙwayoyin cuta kuwa ba ruwansu da kirkin mutum.

Ciwon ya dawo, kuma da fushinsa ya dawo. Da farko ɗan bugawa ne a cikin tafin, kamar zuciya ta koma can. Bakomai ya yi shiru da bakinsa, don ya san abin da ya aikata. Sai kumburin ya haura bayan hannu, yatsun suka yi tsaye kamar an yi musu gam. Wata safiya ya ɗaga guduma zai buga ƙusa a jikin wani gado, gudumar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa.

Mai fenti ne ya fara lura da wani jan layi da ya taso daga wuyan hannun ya nufi gwiwar hannu. Ga zazzaɓi yana kaɗa shi a tsakiyar rana. Shi da mai walda suka rufe shagon suka kai shi asibiti, aka kira matarsa.

Wannan karon ba a sallame shi ba. Aka ba shi gado, aka sa masa ruwa da magani ta jijiya, aka tsaga tafin aka fitar da mugunya, aka ɗebi kaɗan aka kai ɗakin gwaji. Da likitar ta zo zagaye ta tambaye shi ko ya shanye maganin farko, sai ya dubi matarsa, ya dubi rufin ɗaki, sannan ya faɗi gaskiya.

Matarsa ta matso. Gyara masa matashi kawai ta yi, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Likitar ta ja kujera ta zauna. Ta tambaye shi idan gara ta shiga katako, ya fesa magani a sama ya ga ta daina fitowa, yakan ce an gama? Ya ce a'a, ai tana ciki, sai an jiƙa katakon ya sha har zuciya.

"To haka ka yi wa hannunka. Ka kashe na sama, ka bar na ciki suka huta suka ƙara yawa. Yanzu sun kai kusa da jijiyoyin da ke motsa yatsu. Mun tare su, amma ka ji ni da kyau: in ka sake yin wasa da magani ciwon nan ya dawo, ba zan iya yi maka alkawarin za ka sake riƙe guduma ba."

Bakomai ya dubi hannun da ke naɗe a bandeji kamar ba nasa ba. Ya tuna ba shi da wata sana'a. Bai iya tuƙi ba, bai iya ciniki ba, wanda ma zai rabar da kayan shagon kyauta kafin azahar. Hannun nan ne abincin gidansa. A karon farko a rayuwarsa ya nemi kalmarsa ta kullum ya rasa.

Ya ce, "Likita, ko ƙwaya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba."

Mai walda ya zo dubiya da auduga a baki. Ashe maganin bai yi wa haƙorin komai ba, sai gudawa da ya sa masa, ƙarshe dai sai da aka cire haƙorin. Mai fenti kuwa murarsa sai da ta yi kwanakinta ta tafi don kanta. Suka zauna suna kallon juna kamar yaran da suka fasa tulu.

Da aka sallame shi, an canza masa magani bisa abin da gwaji ya nuna. Mai ba da magani na asibitin ta tsayar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya haɗiye da ruwa mai yawa. Kada ya haɗa shi lokaci ɗaya da madara ko maganin ƙwannafi, ya ba da tazara, don suna hana shi shiga jiki. Ta rubuta masa lambar wayar wurin a jikin kwalin, ta ce duk abin da ya shige masa duhu ya kira, kada ya tambayi 'yan layinsu.

Bakomai ya koma gida da niyya irin wadda matarsa ba ta taɓa gani ba. Ya sa wayarsa ta riƙa yi masa ƙara duk lokacin sha. Ya daina zuba madara a shayinsa na safe, yana sha yana ɓata fuska. Maganin yana tayar masa da zuciya, bakinsa ya yi ɗaci, abinci ya fita ransa, amma da wayar ta yi kuka zai miƙe ya nemi kofi.

Sau ɗaya wayar ta mutu ba caji, barcin rana ya kwashe shi, bai farka ba sai da lokacin sha na gaba ya kusa. Ya ɓallo ƙwaya biyu ya ce zai rama bashi. Matarsa ta riƙe masa hannun hagu.

"Baban yara, wa ya ce maka ana ramuwa?"

Ya kira lambar da ke kwalin. Aka ce masa tun da lokacin na gaba ya zo, ya sha ɗaya kawai ya ci gaba yadda aka tsara, kada ya kuskura ya ninka. Ya dubi ƙwaya ta biyun ya ajiye ta a gefe cikin takarda mai tsabta har lokacinta ya yi.

Yakan je shago ya zauna don kada kaɗaici ya kashe shi, kwalin maganin a aljihun gaba, an maƙale da maɓalli. 'Yan layi suka samu abin tsokana. Mai fenti ya ce a canza masa suna, daga Bakomai zuwa Ba-a-taɓawa. Mai walda ya ce ko bankin gari bai kai aljihun nan tsaro ba. Yakan yi dariya ya ce su ɗebi katako, su ɗebi ƙusa, su ɗauki teburin ma in suna so, amma aljihun nan an rufe shi.

Tsokanar abokai mai sauƙi ce. Babbar jarrabawar daga gida ta zo.

Bakomai yana da yaya mace, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta goya shi, ita ta kai shi koyon aiki, ita ta saya masa zartonsa na farko. Har yau Auta take ce masa, ko da furfura ta fara fito masa. A duniya babu wanda yake jin nauyi kamarta.

Ta zo wata ranar da hantsi, tana tari, murya ta dushe. Bayan an gaisa ta duba hannun ta yi masa sannu, sai ta ce ta ji labarin an ba shi wani magani mai ƙarfi na asibiti. Maƙogwaronta kamar an zuba yashi, ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ba ta ƙwaya biyu kawai ta kora.

Matarsa da ke bakin ƙofa da tire ta tsaya cak.

Bakomai ya ji kalmar nan tasa ta taso har ta iso kan harshe. Ya haɗiye ta. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ba zan iya ba."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Me ka ce, Auta?"

"Na ce ba zan ba ki ba. An ƙirga shi ne daidai ciwona. In na cire biyu, hannuna na cire wa. Kuma ban san abin da zai yi miki ba. Ki tashi in kai ki asibiti yanzu."

Yaya ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Shi da yake raba wa 'yan layi magani kamar alewa, yau ita ce za a hana? Gadon bayan da ta goya shi da shi ne ya zama bare? Ta ce ba ta zo roƙo ba, ta yafa mayafinta ta fita, ko ruwan da aka kawo ba ta taɓa ba.

Maganar ta soke shi fiye da ƙusar. Ya zauna a ƙasa jim kaɗan, idonsa ya ciko. Matarsa ta ce a hankali, ya bari ta huce. Ya ce a'a, ya san Yaya, daga nan kantin magani za ta aika a sayo mata duk abin da aka ga dama. Ya cusa kwalin a aljihu, ya cika gora da ruwa, ya bi bayanta.

Ta riga shi isa gida ta turo ƙofar ɗakinta. Bai buga ba. Ya samu dakalin ƙofar ya zauna, hannu a rataye a wuya. Rana ta ɗago ta same shi a nan. Maƙwabta suna wucewa suna tambayar lafiya, yana cewa lafiya lau, Yaya yake jira. Da wayarsa ta yi ƙara, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya kora da ruwan gorarsa, a nan bakin ƙofarta, tana jin sa.

Can sai muryarta ta fito daga ciki. "Kai wai ba ka da gida ne?"

"Ina da shi, Yaya. Asibiti za mu fara zuwa."

"In na ƙi fa?"

"Sai ki aiko mini da tabarma."

Sai tari. Sai ƙarar sakata. Ta fito da jakarta a hammata tana cewa ba don shi za ta je ba, don kada mutane su ce ta bar mara lafiya a rana ne.

A asibiti wani likita ya duba maƙogwaronta, ya saurari ƙirjinta, ya tambayi magungunan da take sha. Ta zazzage jakarta, ga na ciwon suga da ta daɗe a kansa. Ya ce abin da ke damunta mura ce mai ƙarfi, irin wadda antibayotik ba ya yi wa komai. Hutu take bukata da ruwa mai ɗumi da ɗan abin rage zafi, in kuma zazzaɓi ya taso ko numfashi ya canza ta dawo.

Bakomai ya ciro kwalinsa ya nuna, ya tambaya da ta sha wannan fa? Likitan ya karanta, ya dubi maganin sugan, ya girgiza kai. Ya ce irin wannan idan ya haɗu da nata yana iya faɗar da sugan jini ƙasa warwas, har mutum ya yanke jiki ya faɗi, ga ta kuma ita kaɗai take kwana a ɗaki.

Suka fito harabar asibitin shi da Yaya. Ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta dube shi ba.

"Duk wannan tafiya, ko kafso ɗaya ba a ba ni ba. Ruwan ɗumi. Ai da ka faɗa mini a gida." Ta yi gaba kaɗan, sannan ta juyo. "Ka sha na rana kuwa?"

"Na sha, Yaya."

"To kada in ji ka tsallake. Ka san hannuna har yanzu yana kaiwa ga kunnenka."

Haka ya ci gaba, rana bayan rana, har ya ɓallo ƙwaya ta ƙarshe, katin ya zama fanko. Ranar komawa asibiti matarsa ta raka shi. Likitarsa ta farko ta kwance bandejin. Kumburi ya tafi, jan layin ya ɓace, sai tabo a tsakiyar tafi. Ta sa ya buɗe hannun ya rufe. Yatsu huɗu suka rufu. Ƙaramin ya tsaya a rabin hanya, ya ƙi ƙarasawa.

Ta ce wannan sai a hankali, da motsa shi kullum, kuma mai yiwuwa ba zai koma kamar da ba. Shi ne kuɗin da ciwon ya karɓa. Bakomai ya daɗe yana kallon ɗan yatsan, sannan ya tambayi abin da ya kawo shi: aiki fa?

Likitar ta miƙa masa yatsunta biyu ta ce ya matse iya ƙarfinsa. Ya kama a hankali, yana tsoro. Ta ce wannan gaisuwa ce, ita matsa ta ce. Ya cije leɓe ya matsa, ya ƙara matsawa, yana jin ƙarfin yana dawowa tun daga kafaɗa.

"Ya isa, malam, ya isa. Sakar mini hannu, ni ma da shi nake ci. Ka koma shagonka."

Darasi: Maganin antibayotik da likita ya rubuta maka naka ne kai kaɗai, an auna shi daidai ciwonka da jikinka. Sha shi a kan lokaci, ka kammala shi yadda aka ce ko da ka ji sauƙi, kada ka ninka in ka manta, kada ka ajiye ragowa, kada ka sammawa kowa komai kusancinku. Faɗa wa likita duk maganin da kake sha da wanda ya taɓa yi maka illa, kuma in ka ga ƙuraje, kumburi ko wahalar numfashi ka garzaya asibiti. Mai ƙaunarka da gaske shi ne wanda zai hana ka maganinsa ya raka ka a duba ka. A kowane gida akwai Bakomai, a kowane layi akwai mai neman ƙwaya biyu. Ku tura musu wannan labari tun kafin hannu ya kumbura.